Babi na Biyar: Ciwon da Gwaji Ba Ya Gani

A gidan da na tashi akwai wata goggona, ƙanwar mahaifina, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida da zama. Mu yara mun san ranakunta. Idan gari ya waye muka ga ƙofarta a rufe, an toshe taga da tsohon zane, ba sai an gaya mana ba, ciwon Goggo ya tashi. Ranar ba a daka a tsakar gida, turmi sai a kai shi maƙwabta. Ba a kunna rediyo, ba a suya, wanda ya kuskura ya sa turaren wuta kuwa sai ya sha faɗan kakarmu. Goggo takan ɗaure kanta da ɗankwali tamau har ya yi mata shata a goshi, ta kwanta a kan ɓarin da ke sara, ga tasa a gefenta saboda amai. Wani lokaci yini guda, wani lokaci kwana biyu ko uku. Daga nan sai ta fito a yamutse, idanu sun faɗa, ta ce a dama mata koko.

Kowa a gidan da irin tasa fassarar. Kakarmu ta ce mutanen ɓoye ne, tun da ciwon yakan fara da wani walwali da Goggo ke gani a idonta. Wata daga cikin matan gidan takan ce ƙasa-ƙasa wai ciwon nan bai san tashi ba sai ranar da aiki ya yi yawa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ƙaho. Da mahaifina ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya ɗauke ta zuwa wani asibiti a birni. Aka ɗebi jini, aka auna, aka ɗauki hoton kai. Na tuna yadda ta dawo ta zauna a bakin gado tana maimaita wa kakarmu abin da likita ya ce: "Hajiya, mun duba, ba mu ga komai ba." Kakarmu ta ce alhamdu lillahi. Goggo ba ta ce uffan ba. Sai da na girma na gane dalilin shirunta. Shaida ta je nema, ta dawo hannu rabbana, kuma daga ranar duk mai zargin son jiki ne ya samu abin kafa hujja.

Likitan bai yi ƙarya ba. Akwai cututtukan da ba sa fitowa a gwajin jini ko a hoto, domin babu ƙwayar cutar da ta shiga jiki, babu ƙarin da ya tsiro. Matsalar tana cikin yadda jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon ciwo su sarrafa shi. Biyu daga cikinsu sun fi addabar mata, kuma sau da yawa a jikin mace ɗaya ake tarar da su: ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, da ciwon da ke game jiki duka, wanda suke kira faibiromayaljiya. Abin da ke damuna shi ne, tsakanin ofishin likita da tsakar gida, "ba mu ga komai ba" takan rikiɗe ta koma "lafiyarta ƙalau".

Ɓarin kai

Ciwon tsoho ne, kuma al'ummu daban-daban da suka raɗa masa suna abu ɗaya suka lura da shi. Galen, likitan Girka na ƙarni na 2, ya kira shi hemikraniya, wato rabin ƙoƙon kai, kuma daga nan sunan da Turawa ke kiransa ya samo asali. Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, daga kalmar da ke nufin tsagi. Mu kuma muka ce ɓarin kai. A cikin Sahihul Bukhari akwai babi a kan yin ƙaho saboda shaƙiƙa da ciwon kai, inda aka ruwaito daga Ibn Abbas cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a kai yana cikin harami saboda ita. Duk mai kiran wannan ciwo raki, ya kamata ya tuna da wannan ruwaya.

Wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba yakan ɗauka ciwon kai ne irin na gajiya ko na yunwa, sai dai ya ɗan fi zafi. Nesa ba kusa ba. Sara ne mai bugawa kamar ana daka a cikin kai, yawanci ɓari ɗaya, ko da yake yana iya kama duka biyun ko ya sauya ɓari. In ba a yi magani ba yana ɗaukar awa 4 zuwa awa 72. Ɗan motsi kamar sunkuyawa a yi shara yana ƙara shi. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai, ido ya ƙi haske, kunne ya ƙi ƙara, hanci ya ƙi ƙamshi. Kafin ya sauka wasu kan yi ta hamma, ko wuya ya sage, ko su ji kwaɗayin zaƙi, ko rai ya ɓaci babu dalili. Bayan ya tafi kuma mutum ya wuni kamar wanda aka lakaɗa wa duka.

Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya yana fama da shi, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Babbar ƙidayar cututtukan duniya ta shekarar 2019 ta sa shi a mataki na biyu, bayan ciwon baya, cikin abubuwan da ke cinye wa mutane shekarunsu cikin rashin lafiya. A tsakanin mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kuwa shi ne na ɗaya. Shekarun karatu ke nan, da aure, da goyo, da neman na kai.

Walwalin nan da ya sa kakarmu ta ce mutanen ɓoye ne, yana da bayani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ɓarin kai suna samun irin wannan gargaɗi kafin ciwon. Wata ta ga layi mai ƙyalli kamar haƙoran zarto yana faɗaɗa a gefen idonta, wata wani yanki na abin da take kallo ya ɓace, wata ta ji mirmir a yatsu ya hau har leɓe, wata kuma harshe ya sarƙe ta kasa haɗa magana. Yana ɗaukar minti 5 zuwa awa guda, sannan ya wuce. A shekarar 1944 wani ɗalibi ɗan ƙasar Burazil mai suna Aristides Leão, yana bincike a Jami'ar Harbad ta Amurka a kan ƙwaƙwalwar zomaye, ya ga wani abu da ba shi yake nema ba. Idan aka tsokani wani wuri a fatar ƙwaƙwalwa, sai ƙwayoyin wurin su yi wani tashi gaba ɗaya sannan su yi tsit, kuma wannan tashi da tsit ɗin ya riƙa rarrafe zuwa maƙwabta, kimanin milimita 3 a minti ɗaya, kamar wutar da ta kama busasshiyar ciyawa ba iska. Idan rarrafen nan ya bi ta ƙeyar ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa gani, sai mutum ya ga walwali yana tafiya a hankali. Abin da Goggo take gani ke nan.

Shi kansa saran kuwa daga wata jijiya yake fitowa mai rassa uku, wadda ke ɗauko saƙon ji daga fuska da kuma tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. An daɗe ana cewa buɗewar hanyoyin jini ce kawai ke kawo ciwon. A 1990 likitoci biyu, Peter Goadsby ɗan Ostareliya da Lars Edvinsson ɗan Suwidin, suka ɗebi jini daga jijiyar wuyan masu ciwon a daidai lokacin da yake sara, suka tarar wani sinadari da ake taƙaita sunansa da CGRP ya ƙaru. Daga baya masu bincike a Kofanhagan ta ƙasar Denmak suka ɗura wa masu ɓarin kai wannan sinadari, sai ga ciwon ya tashi. Daga nan aka samu hanyar ƙera magungunan da ke toshe shi, kuma a 2018 Amurka ta amince da na farko, allurar da ake yi sau ɗaya a wata. A 2021 aka ba Goadsby da Edvinsson, tare da Jes Olesen da Michael Moskowitz, babbar kyautar binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Denmak. Allurar tana da tsadar da ta fi ƙarfin yawancinmu. Na kawo labarinta ne don a san cewa ciwon da aka ce ba a ga komai ba, an riga an gano sinadarinsa, an auna shi, an kuma yi masa magani.

To me ya sa mata? Kafin balaga, yara maza da mata kusan kunnen doki suke. Da zarar an balaga sai mata su ninka maza kusan sau uku. Babban dalili shi ne sinadarin mata da ake kira istirojin, musamman faɗuwarsa. Wani likita a Ostareliya, Brian Somerville, ya nuna haka a 1972: da ya yi wa mata allurar istirojin gab da al'adarsu, jinin ya zo a kan lokaci amma ciwon kan ya jinkirta har sai da sinadarin ya sauka. Shi ya sa mata da yawa ciwonsu ke tashi daga kwana biyu kafin al'ada zuwa kwana uku da farawarta, kuma na wannan lokaci ya fi tsanani da daɗewa. Shi ya sa kuma da yawa suke samun sauƙi idan ciki ya wuce wata uku, ciwon ya dawo bayan haihuwa, ya rikice a shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa, sannan ya lafa bayan ta ɗauke. Goggo ta rabu da nata ne bayan ta haura hamsin, aka ce maganin wani mai magani ne ya karɓe ta.

Ƙwaƙwalwar mai ɓarin kai ba ta son sauyi. Tsallake abinci, ƙarancin ruwa, rashin barci ko yawansa, damuwa, har ma da hutun da ke biyo bayan damuwa, duk suna iya tayar da shi. Idan aka dubi rayuwar mace a gidajenmu sai a ga kamar an jera mata su ne. Ita ce ta ƙarshe a kwanciya, ta farko a tashi. Tana tsugune gaban murhu cikin hayaƙin itace da tsakar rana. Gidan biki kuwa an haɗa mata komai wuri guda: turaren wuta, humra, lasifika, walƙiyar masu hoto, ga abinci ba ya zuwa sai la'asar. In ta ce ba za ta je ba a ce ba ta son zumunci. A watan azumi kwanakin farko sukan yi wa masu wannan ciwo nauyi, musamman waɗanda suka saba da shayi ko goro ko kofi suka yanke rana ɗaya. Rage su sannu a hankali tun cikin Sha'aban, jinkirta sahur, da shan ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur suna taimakawa. Wadda abin ya fi ƙarfinta ta tambayi likita ta tambayi malami, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Akwai tarkon da nake so kowace mai karatu ta sani, domin na ga mata da yawa a cikinsa. Maganin ciwon kai da kansa yana iya zama sanadin ciwon kai. Wadda take shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko take shan masu haɗi da kafin ko kodin ko tiramadol kwana 10 ko fiye, watanni a jere, ciwonta kan tashi daga na lokaci-lokaci ya koma na kullum. Ta farka da shi, ta aika yaro kyamis, ya lafa, ya dawo, ta ƙara aikawa. Mafita ita ce a daina, da taimakon likita, a jure 'yan makonni masu wuya. Ka'idar ita ce a sha magani da wuri, da zarar ciwon ya kunno kai, amma kada ya wuce kwana biyu ko uku a mako. Akwai sumatiriftan, wanda aka fitar a 1991 musamman don ɓarin kai. Wadda kuma ciwon ke kayar da ita sau da yawa a wata, akwai magungunan rigakafi masu araha da ake sha kullum, irin su furofuranolol da amitiriftilin, waɗanda likita ne zai zaɓa ya kuma daidaita. Wani daga cikin magungunan rigakafin, balfurowet, yana nakasa ɗan tayi, don haka bai dace da macen da za ta iya ɗaukar ciki ba.

Gargaɗi biyu kafin in wuce. Macen da ɓarin kanta ke zuwa da walwali kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita, ta dai gaya wa ma'aikaciyar asibiti cewa tana ganin walwali. Na biyu, ba kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba. Wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya (mu da muke yankin sanƙarau mun san wannan), wanda ya zo da raunin hannu ko ƙafa ko karkacewar baki, wanda ya kama mai tsohon ciki ko mai jego da kumburi da dishi-dishin gani, ko wanda ya fara sabo bayan shekara 50, duk waɗannan na gaggawa ne, asibiti za a nufa a lokacin.

Jikin da ko'ina ciwo

Mai ɓarin kai aƙalla tana da sunan da za ta faɗa a gane. Mai ciwo na biyun ko wannan ba ta da shi. Na yi aiki da wata malama wadda a cikin shekara biyu aka yi mata maganin maleriya da taifot har ta daina ƙirgawa. Kukanta ɗaya ne kullum: "Ko'ina ciwo yake mini." Kafaɗu, wuya, baya, ƙugu, cinyoyi. Ta yi awa takwas a gado ta tashi kamar wadda ta kwana dakan gero. Tana tsaka da darasi kalma ta ɓace mata, ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kawo ta. Ɗanta in ya rungume ta sai ta cije leɓe. Aka ce sanyi ne, aka ce amosani ne, aka ce sammu ne, daga ƙarshe mijinta ya ce, "Ke dai kin sa wa ranki ne." Wannan ita ce siffar faibiromayaljiya: ciwo a sassan jiki da yawa, sama da ƙasa, dama da hagu, fiye da wata uku, tare da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, da hazo a tunani. Sau da yawa ga ciwon kai, ga cikin da ke murɗawa yau gudawa gobe taurin bayan gida.

Likitoci ma sun daɗe suna lalube. A 1904 likitan Ingila William Gowers ya ba shi sunan da ke nufin kumburin nama, amma da aka duba naman ba a ga kumburi ba, sai a 1976 aka sauya zuwa sunan da ake amfani da shi yau, wanda ma'anarsa ciwon tsoka da jijiya kawai. A 1975 Harvey Moldofsky a Toronto ta Kanada ya auna barcin masu ciwon ya ga ƙwaƙwalwarsu ba ta nutsewa yadda ya kamata a barci mai nauyi. Sai ya ɗauko lafiyayyun matasa ya riƙa katse musu wannan mataki na barci da ƙara, cikin 'yan darare suka fara kukan ciwon jiki. A 1981 Muhammad Yunus, likitan gaɓoɓi a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, ya kwatanta marasa lafiya 50 da lafiyayyu 50, ya nuna cewa alamomin nan tare suke tafiya, ba tarin ƙorafi ba ne barkatai. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ma'auni: a danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi zafi to shi ne. An yi watsi da dannawar a 2010, aka koma ga yawan sassan da ke ciwo da nauyin sauran alamomi. Ƙiyasi ya nuna mutum 2 zuwa 4 cikin 100 suna da shi. A asibitoci, 8 ko 9 cikin 10 na waɗanda ake gano wa mata ne, ko da yake sabon ma'aunin ya nuna maza ma suna da shi fiye da yadda aka zata.

Mene ne ke faruwa a jikin? A ɗauki rediyon da maɓallin muryarsa ya maƙale a ƙarshe. Tashar lafiya lau take, mai magana a hankali yake yi, amma abin da ke fitowa ya cika gida. Saƙon da jikin lafiyayye zai karanta a matsayin taɓawa ko 'yar gajiya, laka da ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo suna ƙara masa murya har ya zama raɗaɗi, kuma hanyoyin da jiki ke bi ya rage ciwo da kansa sun yi rauni. An auna wannan. A 1994 an tarar da wani sinadarin isar da saƙon ciwo a ruwan lakarsu ya ninka na lafiyayyu kusan sau uku. A 2002 Richard Gracely da Daniel Clauw a Amurka suka danna farcen babban yatsan mutane suna ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa: kusan rabin nauyin da lafiyayye ke buƙata kafin wuraren jin ciwo su kunnu ya isa ya kunna na mai faibiromayaljiya. A 2021 kuma masu bincike daga Landan da Libaful da Sitokhom suka tace sinadaran garkuwar jiki daga jinin marasa lafiyar suka yi wa ɓeraye allura, ɓerayen suka zama masu saurin jin zafin dannawa da sanyi, sannan suka warware bayan sinadaran sun fita daga jikinsu. Ɓera dai ba ya sa wa ransa damuwar kishiya.

Wannan ƙarin murya shi ne mahaɗar cututtukan biyu. Mai ɓarin kai idan ciwon ya yi nisa takan ji ko tsefe kai ko ɗaura ɗankwali yana mata zafi, domin jijiyoyin sun riga sun harzuƙa. Ɓarin kan da ya kai kwana 15 a wata yakan zo tare da ciwon jiki duka, shi ma ciwon jikin yakan zo da ɓarin kai.

Ba a cewa mace tana da faibiromayaljiya sai an kawar da abubuwan da ke kama da shi, kuma a nan gwaji yana da amfani ƙwarai: ƙarancin jini, raunin aikin ƙullutun wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, ƙarancin sinadarin bitamin D, ciwon gaɓoɓi mai kumburi, sikila, ciwon suga. In an duba waɗannan ba a samu ba, kuma alamomin sun cika, sai a kira ciwon da sunansa a daina zagaye.

Maganinsa ba ya burge mai jin jiki, na sani. A 2017, da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta tace duk binciken da aka yi, abu ɗaya tak ta ba goyon baya mai ƙarfi: motsa jiki. Macen da ko tashi daga tabarma yana mata wuya in aka ce mata ta motsa jiki sai ta ji kamar an raina ta. Amma aikin gida daban, wannan daban. Ana nufin tafiya ta minti biyar a yau, a riƙe ta kullum, a ƙara minti ɗaya ko biyu bayan mako, ba tare da an jira ranar da jiki ya yi daɗi a yi aikin kwana uku a kwanta na mako ba. Sai gyaran barci, da koyon dabarun zama da ciwo wurin masana halayyar ɗan Adam, da kula da baƙin ciki ko fargaba in suna nan, domin ciwo yana jawo su, su ma suna ƙara masa murya. Amitiriftilin kaɗan da dare ko dulokzetin suna taimakon wasu. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce kada a ɗora masu irin wannan ciwo a kan farasitamol, ko dangin ibufurofen, ko dangin kodin da tiramadol, domin amfaninsu bai tabbata ba, illarsu kuwa ta tabbata. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure har gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, bai kamata a sake ja mana kunne ba. Haɗin ƙwayoyin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda ba suna, ƙarshensa gyambon ciki ne da lalacewar ƙoda.

Wa zai yarda da ita?

Kada a ɗauka rashin yarda da ciwon mace halinmu ne mu kaɗai. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da za su iya haihuwa daga matakan farko na gwajin sababbin magunguna, sai a 1993 aka yi dokar da ta wajabta sa mata a binciken da gwamnati ke biya. Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill a Kanada ya duba binciken da aka buga a babbar mujallar nazarin ciwo daga 1996 zuwa 2005, ya tarar kashi 79 cikin 100 na gwaje-gwajen ɓeraye da maza zalla aka yi su, alhali yawancin masu ciwo mai daɗewa mata ne. Wani bincike na 2008 a sashen gaggawa na wani asibiti a Filadelfiya ya nuna mata masu ciwon ciki suna jiran minti 65 kafin a ba su maganin raɗaɗi, maza kuwa minti 49.

Namu salon ya ɗan bambanta, kuma a ganina ya fi wuyar warwarewa, domin da yabo aka saƙa shi. Muna yabon mace mai dauriya, wadda ta haihu ba a ji muryarta ba, wadda ba ta kwanciya da rana. Tun tana ƙarama ake koya mata cewa faɗin ciwo raki ne. To idan ta daure ta yi girki da ɓarin kai, sai a ce ai ga shi tana aiki, da ciwon gaske ne da ba ta iya ba. Idan ta kwanta a ce lalaci. Kuma sau da yawa kuɗin asibiti da izinin fita suna hannun wanda ya riga ya yanke hukuncin cewa lafiyarta ƙalau. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a gidanmu mace ce ta fara cewa Goggo tana ƙarya. Ban ce a bar addu'a ba, ni ma ina yi, kuma tana sanyaya zuciyar mai jinya. Abin da na ƙi shi ne a shekara goma ana neman wanda ya yi mata asiri, ba a taɓa zama an tambaye ta yaushe ciwon ke tashi, yaya yake, me ke tayar da shi ba. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce gwajin. Da ita likita ke gane cututtukan nan biyu, ba da na'ura ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, in kin ga kanki a cikin wannan babi, ki nemi ƙaramin littafi daga yau. Kullum ki rubuta ko ciwon ya zo, a ina, awa nawa ya yi, me kika sha kuma ƙwaya nawa, yaya barcinki, da ranar da al'adarki ta fara. In rubutu yana miki wuya, 'yarki ko ƙanwarki ta rubuta miki. Bayan wata uku ki ɗauki littafin ki kai wa likita, ki ce masa a duba miki ɓarin kai ko faibiromayaljiya, kuma in da hali a tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na gaɓoɓi. Kai kuma maigida, ko ɗa, ko wa, ranar da ta rufe ƙofa ta toshe taga, ka kashe rediyo, ka janye yara, ka nemi wanda zai yi girki, ranar asibiti kuma ka raka ta ka bar ta ta yi bayani da bakinta.